Ajiyar Bayanai A Haɗakar Faifai: Inda Tsarin RAID Ya Tsaya Da Aikin Da Ya Rage Mana

A ƴan shekarun nan da wuya ka sami wata ma'aikata mai ji da kanta a wannan yanki namu da ba ta soma kwashe takardunta daga durowa tana zuba su cikin kwamfuta ba. Bankuna da asibitoci da hukumomin shirya jarrabawa da ofisoshin rajistar haihuwa da na filaye, har ma da gidajen rediyo masu tsofaffin muryoyin da aka ɗauka tun zamanin kaset, kowa ya sayi babbar kwamfutar ajiya ya kai ta ɗaki mai sanyi ya kulle. Idan kuwa shugaban ma'aikata ya tambayi ɗan kwangilar da ya kawo na'urar abin da zai faru ranar da faifai ya lalace, amsar ba ta wuce guda ɗaya: "Ranka ya daɗe, ai RAID ne, babu abin da zai ɓace."

Wannan magana akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, sai dai ba ta cika ba, kuma abin da aka rage daga cikinta ya riga ya jawo wa manyan cibiyoyi na duniya asarar da ba ta mayuwa. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna da mai karatu mu warware masa abin da wannan tsari yake iya karewa da abin da ya fi ƙarfinsa, domin takardar filin wani, ko sakamakon jarrabawar ɗansa, ko lissafin kuɗin fanshonsa, na iya kasancewa a kan irin waɗannan faya-fayai a yanzu haka.

Mene ne RAID?

Sunan ya samo asali ne daga wata maƙala da wasu masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a ƙasar Amurka, wato David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka gabatar a shekarar 1988. Shawarar da suka kawo ita ce, maimakon a sayi ƙaton faifai guda mai tsadar gaske, gara a haɗa ƙananan faya-fayai masu araha da yawa su yi aiki tamkar faifai ɗaya. Sun kuma lura cewa yawan faya-fayai na nufin yawan mutuwarsu, don haka dole a ware wani sashe na wurin ajiyar don rubuta abin da za a cike gurbi da shi in ɗaya ya mutu.

Tsarin yana da matakai da ake kira da lambobi. A mataki na 0 ana rarraba bayani ne kawai a kan faya-fayai don a sami sauri, babu wata kariya, in ɗaya ya mutu komai ya tafi. A mataki na 1 ana rubuta abu guda a kan faifai biyu a lokaci ɗaya, kamar tagwaye masu kama da juna. A mataki na 5 ana amfani da faifai uku ko fiye, a rarraba bayanin a kansu tare da wani lissafi na cike gurbi, yadda tsarin zai jure mutuwar faifai ɗaya. Mataki na 6 kuwa lissafi iri biyu yake ajiyewa, don haka yana jure mutuwar faifai biyu.

Domin a gane wannan lissafi, mu ɗauki misalin akawu mai littattafai uku. A na farko ya rubuta 7, a na biyu ya rubuta 5, a na uku ya rubuta jimillarsu, wato 12. In gara ta cinye littafin farko, ba a yi asara ba, sai a cire 5 daga 12 a sami 7. Haka ma in na biyu ne ya ɓace. Kwamfuta ba da irin wannan tarawa take yin nata ba, tana da wata dabara ta lissafin sifiri da ɗaya, amma hikimar duk ɗaya ce. Wannan shi ne alkawarin da RAID ya ɗauka, kuma yana cika shi: faifai ya mutu, aiki bai tsaya ba, a zare mataccen a sa sabo, na'ura ta sake gina abin da ke kansa.

Ɓarnar da ba ta da ƙara

To amma mu koma ga akawun nan. A ce babu littafin da ya ɓace, sai dai ruwa ya ɗiga a kan na farko, 7 ta koma kamar 9. Yanzu littattafan suna cewa 9 da 5 sun ba da 12. Wanda ya zauna ya tara zai san akwai kuskure, amma ba zai san ko a wane littafi yake ba. Wanda kuwa ya buɗe littafin farko kawai, zai karanta 9 ya wuce abinsa. Haka mafi yawan tsarin RAID na gargajiya suke aiki: a karatun yau da kullum ba sa duba lissafin cike gurbi, muddin faifai bai ce ya kasa karantawa ba, abin da ya miƙo shi za a karɓa. Mafi muni ma, in na'ura ta zo gyara ta ɗauki 9 a matsayin gaskiya, sai ta goge 12 ta rubuta 14, shi ke nan an binne shaidar da ta rage.

Wannan ba zato ba ne na masana. A shekarar 2007 cibiyar binciken kimiyya ta Turai da ake kira CERN, wadda ke kusa da birnin Janeba, ta gwada na'urorinta da kanta. An shirya wata manhaja da ke rubuta fayil mai girman gigabait 2 a kan kwamfutoci fiye da 3,000 duk bayan awa biyu, sannan ta sake karanta shi ta gwada da abin da ta rubuta. Cikin makonni biyar aka sami kurakurai kimanin 500 a kan kwamfutoci 100. Da aka bincika wasu fayiloli 33,700 da aka riga aka ajiye, sai aka tarar 22 sun gurɓata, wato kusan ɗaya cikin kowane 1,500. Babban kaso na kurakuran an gano ya fito ne daga rashin jituwa tsakanin manhajar da ke cikin wasu faya-fayai da katin da ke sarrafa su. Faya-fayan suna juyawa lafiya lau, fitilunsu kore, babu wanda ya yi ƙorafi.

Shekara guda bayan haka, a 2008, masana daga Jami'ar Wisconsin tare da kamfanin NetApp suka fitar da sakamakon wani bincike da ya fi wancan faɗi. Sun bi diddigin faya-fayai miliyan 1.53 na tsawon watanni 41, suka ƙirga fiye da wurare 400,000 da abin da aka karanto ya saɓa da abin da aka rubuta. Sun lura cewa faya-fayai masu araha sun fi masu tsada na manyan ma'aikatu fuskantar wannan matsala da kusan ninki goma. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, kimanin kashi 8 cikin 100 na waɗannan kurakurai ba a gan su ba sai a daidai lokacin da ake sake gina faifan da ya mutu, lokacin da babu sauran wani wurin da za a ɗauko gyara.

Ranar sake gini ita ce ranar haɗari

Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar an sa sabon faifai an tsallake siraɗi. Gaskiyar lamari, a lokacin ne haɗari ya fi yawa. Domin a sake gina faifai guda a mataki na 5, dole na'ura ta karanta dukkan sauran faya-fayan daga farko har ƙarshe, ba tare da ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Masu ƙera faya-fayai na talakawa sukan rubuta a takardar bayaninsu cewa ana iya samun gurbi guda da ya ƙi karantuwa a cikin kowace ƙwayar bayani tiriliyan 100 da aka karanta, wanda ya yi daidai da terabait 12.5. To mu ɗauki na'ura mai faifai huɗu, kowanne terabait 8. In ɗaya ya mutu, sai an karanta terabait 24 daga sauran ukun, kusan ninki biyu na wancan adadi. Gaskiya ne wannan lamba iyaka ce da kamfanoni ke sawa don kare kansu, kuma faya-fayai da dama sun fi haka inganci, amma ta isa ta nuna cewa abin ba wasa ba ne.

Ga kuma batun lokaci. Faifai mai terabait 8, ko da ana rubuta masa megabait 200 a kowace daƙiƙa ba tsayawa, sai ya ci fiye da awa 11 kafin ya cika. In ma'aikata na ci gaba da aiki a kan na'urar, abin na iya kai kwanaki. Duk tsawon wannan lokaci tsofaffin faya-fayan da suka rage suna shan wahalar da ba su saba ba, kuma in ɗaya ya sake faɗuwa, an yi asarar komai. Wannan ne dalilin da ya sa masu wannan sana'a suka daɗe da daina ba da shawarar mataki na 5 ga manyan faya-fayai, suka koma ga mataki na 6 ko tagwaitawa.

Akwai kuma wani zato da lissafin RAID ya ginu a kansa, cewa mutuwar wannan faifai ba ruwanta da mutuwar wancan. Sau da yawa ba haka abin yake ba, domin faya-fayan da ke cikin na'ura ɗaya galibi kamfani ɗaya ne ya ƙera su, a kwali ɗaya suka zo, rana ɗaya aka kunna su, zafi ɗaya da girgiza ɗaya suke sha. A watan Nuwamba na 2019 kamfanin HPE ya gargaɗi abokan cinikinsa cewa wasu faya-fayansa na zamani marasa juyawa, waɗanda ake kira SSD, za su mutu murus da zarar sun cika awa 32,768 suna aiki, wato shekara 3 da kwana 270 da awa 8, saboda wani kuskure a manhajar da ke cikinsu, sai fa in an sabunta ta kafin lokacin. Kamfanin ya faɗa ƙarara cewa waɗanda aka kunna tare za su iya mutuwa kusan tare. A watan Maris na 2020 aka sake fitar da irin wannan gargaɗi kan wasu da ke mutuwa a awa 40,000. A irin wannan hali, ko faifai nawa aka jera, babu wanda zai ceci ɗan uwansa.

Kada kuma a dogara kacokan ga gargaɗin da faifai ke bayarwa game da lafiyarsa. Binciken da kamfanin Google ya wallafa a 2007 kan faya-fayai fiye da 100,000 ya nuna cewa faifan da aka ga kuskuren farko a samansa ya fi sauran yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 da ninki 39, don haka in ya yi gargaɗi a gaggauta canza shi. Amma binciken ya kuma nuna cewa kimanin kashi 36 cikin 100 na faya-fayan da suka mutu ba su ba da wata alama ba kafin su tafi.

Ɗaukewar wuta

Akwai wata matsala da ta fi shafar mu a wannan yanki. Duk lokacin da aka canza wani bayani, sai na'ura ta yi rubutu a wuri biyu aƙalla, wato a kan bayanin kansa da kuma a kan lissafin cike gurbinsa. In wuta ta ɗauke bayan an yi na farko kafin a yi na biyu, an bar littattafan akawun nan da lissafin da bai daidaita ba, kuma ba za a sani ba sai ranar da aka zo sake gini aka fitar da shirme. A ƙasashen da wuta ke yin shekara ba ta ƙifta ba, wannan abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. A wurinmu kuwa ɗaukewar wuta abincin yau da gobe ce, musamman a watannin bazara. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa Nijar daga Najeriya, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, ba a kuma maido ta ba sai a farkon 2024. Duk na'urar ajiyar da ta ratsa waɗannan watanni tana mutuwa tana tashi ba tare da ingantaccen batirin riƙe wuta ba, ya kamata a bincika ta.

Maganin wannan sananne ne. A sa wa na'ura batirin riƙe wuta da ake kira UPS, a kuma haɗa su yadda kwamfutar za ta kashe kanta cikin tsari kafin batirin ya ƙare. Katin da ke sarrafa faya-fayan shi ma yana da nasa ƙaramin batiri da ke riƙe rubutun da ba a kammala ba. Waɗannan batura suna tsufa, zafi kuma yana gaggauta tsufansu, don haka wanda aka sa shekaru biyar da suka wuce ba a taɓa gwada shi ba, tamkar babu shi ne.

Hatimi da sintiri

Hanyar da ta fi inganci wajen kama ɓarnar ɓoye ita ce a yi wa kowane guntun bayani hatimi. Lokacin rubutawa, na'ura za ta lissafa wata gajeriyar lamba daga abin da ke cikin guntun ta ajiye ta a wani wuri daban. Lokacin karantawa sai ta sake lissafawa ta gwada. In lambobin biyu sun saɓa, ta san wannan kwafin ne ya gurɓata, sai ta ɗauko mai kyau daga ɗayan faifan ta gyara. A misalinmu na akawu, hatimin ne zai nuna cewa 9 ce baƙuwa, 12 tana kan gaskiyarta. Tsarin ajiya na ZFS, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 2005, da wannan dabara aka gina shi, kuma yadda yake rubutu ya toshe kafar nan ta ɗaukewar wuta. Ana samunsa kyauta a yau, haka ma wani mai suna Btrfs da ke tafiya da Linux, wanda shi ma yake yin hatimi.

Abu na biyu shi ne sintiri. Fayil ɗin da aka ajiye shekara uku ba wanda ya buɗe shi, in ya lalace ba mai sani. Saboda haka ake umartar na'ura ta bi dukkan faya-fayanta lokaci-lokaci, ta karanta kowane gurbi, ta gyara abin da ta tarar tun sauran faya-fayan suna da rai. Wani binciken da waɗancan masana na Wisconsin da NetApp suka fitar a 2007 ya nuna cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na guraben da suka lalace a ɓoye, ta hanyar wannan sintiri aka gano su. Wasu manhajoji, kamar Debian, sun daɗe da tsara yin sa sau ɗaya a wata. Sai dai sintirin ba shi da amfani in babu mai karanta rahotonsa. Na'ura na iya yin wata shida tana aika saƙon cewa faifai ɗaya ya mutu zuwa akwatin imel na ma'aikacin da ya riga ya bar aiki.

Abin da RAID ba ya gani sam

Ko an yi duk waɗannan, akwai masifun da tsarin ba shi da labarinsu. In ma'aikaci ya goge fayil bisa kuskure, tagwayen faifai za su goge shi tare cikin ƙiftawar ido. In ɓarayin intanet masu kulle bayanai don neman kuɗin fansa suka shigo, na'ura za ta rubuta kullen a kan dukkan faya-fayai da biyayya. A watan Disamba na 2021 Jami'ar Kyoto ta ƙasar Japan ta yi asarar kimanin terabait 77, fayiloli miliyan 34 na rukunin masu bincike 14, sakamakon kuskure wajen sabunta wata manhaja da ya kamata ta share tsofaffin rahotanni kawai. Babu faifan da ya mutu a ranar, kuma wani sashe na bayanan bai dawo ba.

Sai kuma gobara. Ranar 10 ga Maris na 2021 wuta ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen ajiyar bayanai na kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa. Shafukan intanet kimanin miliyan 3.6 suka ɗauke, ciki har da na wata hukumar gwamnatin Kwaddibuwa, kuma abokan cinikin da kwafin ajiyarsu ke cikin wurin da ya ƙone sun rasa na hannu sun rasa na ajiya. A ranar 26 ga Satumba na 2025 ma, gobarar da ta tashi daga baturan riƙe wuta a cibiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke birnin Daejeon ta tsayar da ɗaruruwan ayyukan gwamnati, ta kuma lalata rumbun ajiyar ma'aikatan gwamnati mai suna G-Drive, wanda ke ɗauke da terabait 858. Jami'ai sun bayyana cewa ba a yi masa kwafi a wani wuri ba saboda girmansa. In haka ta faru a ƙasar da ke sahun gaba a fasahar zamani, to masu iya magana sun ce in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ƙa'idar da masu sana'ar suka yarda da ita ana kiranta 3-2-1: a riƙe kwafi 3 na duk wani bayani mai muhimmanci, a kan kayan ajiya iri 2 daban-daban, 1 daga ciki kuma ya kasance a wani gini ko wani gari, zai fi kyau ma in ba a haɗe yake da intanet ba. Na'urar RAID, komai yawan faya-fayanta, kwafi ɗaya ce a wannan ƙidaya. Kuma kwafin da ba a taɓa gwada maido da shi ba, ba a san ko yana aiki ba, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Kira ga shugabannin ma'aikatu

Ba sai shugaba ya zama injiniya ba kafin ya kare amanar da ke hannunsa. Ya isa ya kira mai kula da kwamfutocinsa ya yi masa ƴan tambayoyi, ya kuma nemi a nuna masa amsar a rubuce. Yaushe aka yi sintiri na ƙarshe, kuma me ya gano? In faifai ya mutu yau da dare, wayar wa za ta yi ƙara? Akwai sabon faifai a ajiye a ofis, ko sai an yi odarsa daga waje a jira makonni? Faya-fayan nan duk zubi ɗaya ne, kuma an sabunta manhajarsu? Yaushe aka gwada baturan? Ina kwafin da ke wajen wannan gini yake, kuma a wace rana aka maido da wani fayil daga cikinsa aka ga ya buɗe?

Muna kuma kira ga hukumomin da ke ba da kwangilar sayen waɗannan na'urori da su riƙa sa kuɗin kula da su cikin kasafi tun daga farko, da kuɗin horar da matasan da za su riƙe su, sannan kada a yi gaggawar ƙona ko zubar da takardun asali har sai an tabbatar akwai kwafi a wuri fiye da ɗaya. Takarda in ta soma lalacewa ido yana gani, ana iya ceto ta. Bayanin kwamfuta kuwa yakan lalace ba a sani ba, sai ranar da talaka ya zo neman takardar gonarsa ko shaidar shekarun aikinsa a ce masa na'ura ba ta san da shi ba. Allah ya kiyaye mu da ganin wannan rana, ya kuma ba waɗanda aka damƙa wa wannan amana ikon riƙe ta.